Wane Lokaci Ya Fi Dacewa Ka Kawo Iyali Gida?

Ɗana, kai da neman abinci ya kai ka Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, na san hankalinka yana gida. Kana so ka kawo mai ɗakinka da yara su ga dangi. Su ga Ƙanƙara, inda Sarkin Pauwa yake zaune. Su leƙa Faskari da Sabuwa, su san ƙasar da aka yanke wa ubansu cibiya. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Zumunta a ƙafa take. Sai dai kafin ka nemi hutu a wurin aiki, zauna mu yi shawara a kan lokaci. Gida yana nan inda ka bar shi. Amma abin da za ka tarar a Agusta daban yake da na Disamba.

Mu fara da damina. A nan kudancin Katsina ruwa kan sauka tun watan Mayu. Ya zauna sosai a Yuni, ya kai mu har cikin Oktoba. Ƙasa takan yi kyau, ba musu. Masara da dawa da waken suya da auduga, ko'ina shar. Damina uwar albarka ce. To amma duba, ɗana, a lokacin duk mai ƙarfi yana gona. Daga noman firi sai maimai, daga zuba taki sai huɗa. In ka sauka, yayanka zai ajiye fartanya ya zauna da kai. Ba zai ce maka komai ba, kunya ba za ta bar shi ba. Amma ciyawa ba ta san an yi baƙo ba. Kwanakin da ya rasa, sai ranar girbi zai ga gurbinsu.

Ga kuma maganar rumbu. A Yuli da Agusta tsohon hatsi ya yi ƙasa, sabo bai shigo ba. Tiya tana tsada a kasuwa. Gwaggonka za ta yanka kazar da take tattali, wataƙila har ta ciyo bashi don ta fita kunyarka. Da murna za ta yi, na sani. Amma bayan ka tafi, ita za ta zauna da biya. Sannan ga marka, ga laka a hanyoyin ƙauye, ga rafi in ya kawo sai a jira ya janye. Uwa uba ga sauro. Ba banza ba ma'aikatan lafiya ke bin gida-gida da damina, wata-wata, suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi. In dole ce ta kawo ka a lokacin, to zo da gidan sauro, ka kuma riƙo buhun hatsi a bayan mota.

Bazara kuwa, daga Maris zuwa saukar ruwa, tata jarrabawar daban ce. Zafin rana yakan kusanci digiri 40. Rijiyoyi su ja baya. Mata da yara su yi sammako su bi layi a rijiyar burtsatse. Kai da iyalinka mutum biyar ko shida, ga wanka, ga wanki, ka lissafa jarka nawa ke nan. Lokacin ne kuma sanƙarau da ƙyanda suka fi yawo, musamman inda ake kwana a cunkushe. Akwai mangwaro, gaskiya ne, yara za su sha su more. Amma mangwaro ba zai sa su barci da dare ba.

Za ka ce, to Sallah fa? Ka yi tambaya mai kyau. Shekarar Musulunci ta fi ta Bature gajarta da kimanin kwana 11, shi ya sa Sallah take zagaya yanayi. A 2025 an yi ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, babba kuma 6 ga Yuni. Ka ga ɗaya ta faɗo tsakiyar zafi, ɗaya a bakin shuka. In Allah ya kai mu 2030, ƙaramar Sallah za ta komo farkon Fabrairu, cikin sanyi. Ba na hana ka zuwa Sallah. Wa zai hana ɗa cin tuwon Sallah a gidansu? Sai dai ka san yanayin da za ta same ka a ciki, ka yi shirinsa, ka kuma taƙaita kwanaki.

In shawarata kake nema, ga ta. Ka bari kaka ta nuna. A Oktoba da farkon Nuwamba har yanzu hannu bai huta ba. Ana karyar masara, ana casar waken suya, ana cirar auduga a su Daudawa, dawa kuma tana jiran yanka. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, yawancin amfani ya shigo gida. Je ka kasuwar Sheme ko ta Ɗandume ka ga buhuna, ka ga manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Manomi ya riƙe kuɗinsa, fuskarsa ta saki. Lokacin ake yawan ɗaurin aure, sai ka ga dangin da ka shekara goma ba ka gani ba a zaure ɗaya. Hanya ta bushe, sauro ya ragu. Ga sabon gero na fura, ga rake, ga gyaɗa, ga dankali. Hutun makaranta na Disamba ma ya zo daidai. Mai masaukinka zai karɓe ka da abin da yake da shi, ba da abin da ya aro ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe.

Sai dai kada ka raina hunturunmu. Yankin Funtuwa sananne ne da sanyi, mu ma muna samun rabonmu. Ka zo wa yara da rigunan sanyi da safa da man kaɗanya. In akwai mai asma a cikinsu, kada a manta maganinsa, don ƙura ba ta da sabo. In ta jirgi za ka zo Katsina ko Kano, ka bar tazarar kwana ɗaya ko biyu, saboda hazo kan hana jirgi sauka. Ka kuma hana a kwana da garwashi a ɗaki.

Wannan lissafi ba mu kaɗai ke yin sa ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Bankok sarin kaya sun san labarin tsibiran ƙasar Tailan, inda baƙi ke tururuwa shan iska. Tsibirin Fuket yana yamma, a tekun Andaman. Daminarsa daga Mayu ne zuwa Oktoba, teku ya yi ta hauka har a kafa jar tuta a hana shiga ruwa. Daga Disamba zuwa Maris kuwa sai rana da kwanciyar teku. Tsibirin Samuyi yana gabas, shi kuma ruwansa mafi ƙarfi daga Oktoba ne zuwa Disamba. Ƙasa ɗaya, damina biyu. Wanda ya ji an ce Nuwamba ta yi kyau a Tailan ya kama hanyar Samuyi, a ɗaki zai ƙare hutunsa. Mu ma haka ne. Ruwa kan ɗauke a Daura da Jibiya alhali Sabuwa tana shan nata. Don haka kada ka dogara da jita-jita. Kira wanda ke zaune a garin. Matambayi ba ya ɓata, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba, ko da ba ta da daɗi. Ka san halin tsaro da yankinmu ya shiga. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Allah ya sa aka dawo da su bayan kwana shida. Ka lura, cikin watan da na yaba maka abin ya faru. Ke nan kyan yanayi ba ya nufin hanya lafiya. Kafin ka taso, ka tambayi halin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, da ta 'Yankara, da ta Ɗandume zuwa Sabuwa. Ka sake tambaya ranar tafiya da safe. Ka yi tafiyarka da rana tsaka, kada magariba ta same ka a hanya. Kada ka yi shelar ranar zuwanka a Facebook. In dattawa suka ce dakata, ka dakata, ko ku haɗu da dangi a Funtuwa ko Malumfashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu ɗaya ne ba ya jiran kaka. In aka ce maka tsohuwa ba ta da lafiya, ko an yi rashi, to babu zancen damina ko bazara. Nemi labarin hanya, ka taso. Hatsi yana dawowa kowace shekara, iyaye kuwa ba sa dawowa.

Ziyarar shaƙatawa da sada zumunta kuwa, ka tsara ta tun da wuri. Ka sanar da mutanen gida wata guda kafin lokaci, ka tambaye su makon da ya fi musu sauƙi. Za su ji daɗin an shawarce su fiye da tsarabar da za ka kawo. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kawo ku lafiya, ya mai da ku lafiya. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara.