Yadda ake gyaran rufin kwano kafin saukar damina a Nok da kewaye

A Nok da Kwoi har zuwa Kafanchan ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Amma abin da ya fi cin rufi a wannan yanki shi ne iskar hadarin farko, wadda kan taso daga gabas ta yaye kwano da katakonsa gaba ɗaya. Saboda haka aikin rufi na rani ne. Wanda ya sayar da citta a ƙarshen shekara ya ware kuɗin kwano da ƙusa, ya kira kafinta a Fabrairu ko Maris.

Daga ciki ake fara dubawa. Da tsakar rana a rufe ƙofa da taga, a leƙa cikin silin. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi; a zura tsinke a wurin don a gane shi daga sama. Sannan a bi katakon ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙarfi. Wanda gara ta cinye kuwa sai ka ji shi fanko, ka ga ƙasa-ƙasa a jikinsa, ƙusa ta shige ba gardama. A cire irin wannan, kada a yi masa kara, domin sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ce. Sabon da za a sa ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai.

Sai ɗaurin rufi da bango, inda magina da yawa ke ha'inci. Katakon da ke kwance a kan bulo dole a kama shi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin ginin. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jibgawa a kan rufi ba sa maye gurbin wannan, kuma tsatsa suke tarawa a ƙarƙashinsu.

Da sassafe ake hawa, bayan raɓa ta bushe, kafin kwano ya ɗauki zafi. A taka kan layin ƙusa kawai, don nan ne katako yake. A share ganyen mangwaro da ya taru. Ƙusar da ta ɗago a zare ta, a buga mai hula wadda ta fi ta tsawo, kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ke gudu ba. Ƙaramar huda kwalta da ƙyalle sun ishe ta.

In tsatsa ta ci falle har yana marmashewa, sai sauyi. Bandir ɗaya falle 20 ne, kuma gara a ƙara kuɗi a sayi mai kauri. Ana jerawa daga bakin rufi zuwa sama, na sama ya hau kan na ƙasa da kamar santimita 15, a gefe kuma ya rufe tudu ɗaya da rabi. A faro daga gefen da ke nesa da inda hadari ke tasowa, yadda bakin haɗin zai ba iska baya. Kwanon ƙoli shi ne na ƙarshe, a yawaita masa ƙusa.

Rumbu da ɗakin jinka nasu daban ne: a yanki shuci da kaka, a yanta shi, a duba tsaiko, a baibaye daga ƙasa zuwa sama.

Kafin a sallami kafinta, a sa yaro ya hau tsani da bokiti ya kwarara ruwa a kan rufin, mai gida yana ciki yana kallon silin. In ya ɗiga, kada a cika kuɗin aiki sai an toshe.