Ɗan Riƙo a Gidan Dawuda

'Yan'uwana ɗalibai, sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar Garaku, a kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, an ba ni darasin Littafi Mai Tsarki a aji shida. Ran nan muna karatun sura ta fari ta Matta, inda aka jera kakannin Yesu Almasihu, sai wani yaro ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, kun ce ba Yusufu ne ya haifi Yesu ba. To, ƙaƙa asalin Yusufu ya zama nasa?" Na tsaya da alli a hannu, na rasa ta cewa. Daga baya na ji yaron nan ɗan riƙo ne, kawunsa ya ɗauke shi tun yana jinjiri, yara kuwa suna yi masa gori wai ba shi da rabo a gidan. Ashe batun kansa ya ke tambaya. Ga abin da na binciko, ko ya amfani wani.

Jerin kakannin nan biyu ne. Matta ya fara daga Ibrahim, ya raba su kashi 3, kowane kashi tsara 14. Yahudawa su kan ƙidaya da baƙaƙe, kamar yadda malamanmu su ke hisabi. Baƙaƙen sunan Dawuda 4 ne da 6 da 4, watau 14. Luka kuwa, a sura ta 3, ya faro daga Yesu ya koma baya har Adamu. Matta ya bi ta kan Sulemanu, Luka ta kan Natan, dukansu 'ya'yan Dawuda. Matta ya ce uban Yusufu Yakubu ne, Luka ya ce Heli.

A ƙarni na 3 wani malamin Kirista, Yuliyus Afrikanus, ya warware wannan da dokar da ke cikin Kubawar Shari'a sura 25: in mutum ya mutu ba ɗa, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan farinsu kuwa a kira shi ɗan marigayi. Ya ce Heli ya mutu ba ɗa, Yakubu ya haifa masa Yusufu. Ga ɗa guda da uba biyu, na jini da na shari'a. Mu da mu ka san gadon mata a ƙauyukanmu, wannan ba zai zama mana baƙo ba.

Akwai kuma riƙo sosai. A Farawa sura 48 Yakubu ya ɗauki jikokinsa, Ifraimu da Manassa, ya mai da su 'ya'yansa, kowa ya zama kabila mai rabon ƙasa. Mordekai ya riƙi Esta marainiya. Haka Yusufu ya ɗauki Maryamu zuwa gidansa, shi ne kuwa ya raɗa wa yaron suna. Kirista sun ce ta haka ya karɓe shi ɗa a gaban jama'a, ya shigar da shi gidan Dawuda.

Amma kada mu ɓoye wa yara cewa akwai saɓani. Malaman Yahudawa ba su yarda da wannan ba. A wurinsu kabila ta uban jini a ke bi, ɗan riƙon firist ba ya zama firist, sabo da haka Almasihu sai ya fito daga tsatson Dawuda ta wajen uba. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, a shari'arsu ɗan riƙo ba ya cin gado, sai dai a yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, amma riƙon maraya babban lada ne gare su. Malami ya faɗi na kowa daidai, ba da reni ba.

Da na koma aji na ba yaron amsa. Na ce masa a wurinmu Kirista, Almasihu kansa ta hannun mai riƙo ya sami sunan gidansu. Bai ce kome ba, amma a ranar ya fita ƙwallo tare da sauran.

Sabo da haka ina roƙonku, in kun zo kan jerin sunayen nan kada ku tsallake wai gajiya gare su. Ku shirya darasin sosai, ku kuma san yaran da ke gabanku, gama ba a rasa ɗan riƙo a kowane aji.