Famfon Rijiyar Mai: Rigakafi Ya Fi Magani

A shekarar 1956 aka sami man fetur a Oloibiri. A 2019 kuma aka ba da sanarwar samunsa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, maƙwabtanmu. Saboda haka ya kamata malamin gobe ya san yadda ake jawo shi daga ƙasa.

Sabuwar rijiya takan tunkuɗo mai da ƙarfin kanta. In ƙarfin ya ragu, sai a taimake ta da famfo. Wanda aka fi sani, irin na Amurka, yana da kai mai sunkuyawa yana ɗagowa kamar ƙadangare. Kan nan shi ke jan dogon jerin sandunan ƙarfe, su kuwa su motsa fistin can ƙasa. Bawul 2 gare shi, ɗaya ya shigar da mai, ɗaya ya hana shi komawa.

Maƙiyansa 4 ne. Yashi yana cinye fistin. Ruwan gishiri yana kawo tsatsa har sanda ta karye. Iskar gas takan cika wurin mai, famfo ya yi ta bugun banza. Na huɗu shi ne gaggawa, watau a yi ta ja fiye da yadda rijiya ke tsattsafowa.

To, inji ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya nuna alama. Shi ya sa injiniyoyi ke auna nauyin da sanda ke ɗauka, su rubuta, su gwada da na jiya. Suna sa rariya ta tare yashi, suna zuba maganin tsatsa, suna rage gudun famfo. Gama ciro sandunan don gyara aiki ne mai tsada, mai kuma ya tsaya.

'Yan'uwa ɗalibai, famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyukan Jalingo ƙanensa ne, aikinsu iri ɗaya. In da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya zo, bawul na yoyo. In hannu yana ƙara ko girgiɗi, a ɗaure noti, a sa wa sarƙa giris. Roba in ta cinye, a sake ta tun da wuri.

Ran da aka tura ku makarantar ƙauye, ku buɗe wa famfo littafi, yara su riƙa rubuta abin da suka gani kowane mako. Famfo in ya mutu da rani, ɗiban ruwa a rafi zai cinye musu lokacin karatu.