Filin Shawara: Yana so ya koya wa dokin kawunsa tsallake

Wasiƙar wannan makon daga Haɗeja ta fito. Mai ita matashi ne da ke kula da dokin kawunsa, wani akawal ɗan shekara 5 da ake fita da shi Hawan Sallah da Hawan Bariki. Ya ce tsakanin sallah da sallah dokin ba ya komai sai cin harawa da 'yar ƙilisar yamma, har ya fara ƙiba da gardama. Ya ga gasar tsallake shinge a waya, abin ya shiga ransa. Ya tanadi bulo da tsofaffin tayoyi, wani mai walda kuma ya yi masa alkawarin shingen ƙarfe da ba zai taɓa faɗuwa ba. Filin da ya zaɓa wata fadama ce a bakin kogi. Kawu ya ce ba ruwansa, amma in doki ya gurgunce kada a dawo masa gida. To, ta ina zai fara?

Sai ya fara da ba mai walda haƙuri. Shingen horo ana yin sa ne don ya faɗi. Ko a gasar Olamfik, inda tsayi ke wuce mita 1 da rabi, ɗora sanda kawai ake yi a kan wani ɗan mazauni marar zurfi, da zarar kofato ya taɓa ta sai ta zube. In sanda ta ƙi faɗuwa, doki ne zai kifa da mahayinsa.

Bulo ma a mayar da shi wurin gini, don gefensa yana yanka ƙafa. Taya kuwa raminta daidai shigar kofato ne. Abin da ya fi sauƙi a Haɗeja buhunan taki ne a cika da yashi, a ɗora biyu a kowane gefe, a lotsa tsakiyarsu. Sandar ta zama ta itacen turare ko darbejiya, miƙaƙƙiya, mai tsawon mita 3 da kauri kamar santimita 10, a kankare ƙulle-ƙullenta, a shafa mata farin fenti da ja don doki ya hango ta. Azara tana da sartse, fayif ɗin roba kuma yakan tarwatse da tsini in an taka. Kada a bar ƙusa ko waya a ko'ina, domin doki na cikin dabbobin da tetanos ke saurin kashewa. Likitan dabbobi ya yi masa rigakafi tun kafin a fara.

Makonnin farko babu tsalle. Sanduna huɗu za a jera a ƙasa, doki ya riƙa ƙetare su yana tafiya, da tazarar santimita 80 zuwa 90, sannan da sassarfa, da tazarar kimanin mita 1.2. Ana danganta wannan salo da wani hafsan sojan dawaki na Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907. In doki ya saba, sai a gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu kada ta kai gwiwar mutum.

Fadamar nan ce ta fi damun Filin Shawara. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san halin ƙasar bakin kogin Haɗeja: da damina laka mai santsi, da rani ta bushe ta daddare, ga ramukan sawun shanu da suka ƙame. Jijiyar ƙafar doki ba ta jure sauka a irin wannan wuri. Ya nemi jigawa mai yashi kaɗan, wadda kofato ba ya nutsewa, ya bi ta da ƙafa ya tsince duwatsu da kwalabe.

Sirdin hawa, da kwacciyarsa mai tsayi, an yi shi ne don ya riƙe mahayi a sukuwa da zamiya. A tsalle kuwa dole mahayi ya sunkuya gaba, nan kwacciyar za ta doke shi a ciki. Linzaminmu ma yana da zafi. Fizga ɗaya a sama ta isa doki ya tsani shinge har abada. Ya ari sirdi da linzami irin na 'yan folo na Kano ko Katsina.

Shi ma ya sa hular kwano, kuma kada ya yi shi kaɗai. Christopher Reeve, jarumin fim ɗin Superman, a 1995 dokinsa ya turje a gaban shingen da bai fi mita 1 ba, ya faɗo ta ka, jikinsa ya shanye har rasuwarsa a 2004. Horo sau biyu a mako da sanyin safiya ya wadatar, kuma ranar gwajin farko ya roƙi kawu ya zo ya tsaya a wurin.