Lamin Gey, ɗan Senegal mai tsere kan ƙanƙara

Yara, wa ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a cikinku? Babu ko ɗaya. A Mai Wurno da Sannar da Wad Madani, ƙanƙara iri biyu muka sani: wadda ake sayarwa a kasuwa lokacin azumi, da wadda kan faɗo tare da ruwan sama jefi-jefi. Dusar ƙanƙara daban take. A hankali take saukowa, fara fat, ba nauyi, kamar audugar Jazira in iska ta ɗebe ta. A ƙasashen sanyi takan rufe duwatsu wata da watanni.

Mutanen can suna da wani wasan zamiya da ake kira siki. Mai wasan yakan ɗaura dogayen alluna biyu masu santsi a ƙafafunsa. Yakan riƙe sanda a kowane hannu, ya sa hular kwano da tabarau. Daga nan sai ya hau kan dutse, ya sulalo ƙasa. A wurin gasa ba a tashi tare kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake sauka, agogo yana ƙirga lokacin kowa. An kakkafa tutoci a hanya, dole mutum ya bi ta tsakaninsu. Wanda ya tsallake ko guda, an fitar da shi. Tseren da ya fi haɗari shi ne na gangara, inda gudu kan wuce kilomita 100 a awa. Motar da ke zuwa Hartum ma ba kullum take irin wannan gudu ba.

To, akwai wani yaro baƙar fata da ya shiga wannan wasa. Sunansa Lamin Gey. Da Faransanci ana rubuta shi Lamine Guèye. An haife shi a Dakar, babban birnin Senegal, ran 18 ga Yuli 1960. Sunan kakansa aka sa masa. Kakan nan babban mutum ne, shi ne shugaban majalisar dokokin ƙasar. Da ya rasu a 1968, sai aka tura Lamin karatu Suwizalan, yana ɗan shekara 8.

Can ya fara ganin dusar ƙanƙara. Can kuma ya koyi siki tare da ƴan makarantarsu. Koyon ba sauƙi. Sai mutum ya faɗi ya tashi ba adadi kafin ya iya karkata jikinsa ya sha kwana, kafin ma ya iya tsayawa. Ga sanyi mai sa yatsu su sandare. Lamin ya iya, har ya ƙudura a ransa zai shiga gasar duniya.

A nan ne matsala ta taso. Ba a shiga gasar duniya haka kawai. Sai ƙungiyar wasan ta ƙasarku ta tura ka. Senegal kuwa ba ta da ƙungiyar siki. Me za ta yi da ita? Ƙasa ce mai zafi kamar tamu, ba dusar ƙanƙara, ba manyan duwatsu. Wani yaron da sai ya haƙura. Lamin dai so yake a ɗaga tutar ƙasarsa. Ya kai maganar gaban shugaban ƙasa, Leopold Sedar Senghor, aka amince masa. A 1979, bai ko cika shekara 20 ba, ya kafa ƙungiyar siki ta Senegal. Shi ne shugabanta, shi ne kuma ɗan wasanta.

A watan Fabrairu 1984 aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Sarayebo, cikin ƙasar da ake kira Yugoslabiya a wancan zamani. Lamin ya je, shi kaɗai ne ɗan wasan Senegal. Kafin shi, ba baƙar fatar Afirka da ya taɓa shiga wannan gasa. Ƙasashe irin su Otiriya da Suwizalan sun zo da masu horarwa da likitoci da masu gyaran alluna. Ƴan wasansu tun suna tatata suke kan ƙanƙara.

Hanyar tseren gangara ta kai kamar kilomita 3, a kan dutsen Biyelashinisa. Wani Ba'amurke, Bill Johnson, ya sauko cikin ƙasa da minti 2, ya ci lambar zinariya. Lamin ya zo can baya. Amma ya kai ƙarshen hanya a tsaye da ƙafafunsa, aka rubuta lokacinsa, aka rubuta Senegal kusa da sunansa.

Ya sake zuwa gasar Albertville ta Faransa a 1992, wannan karo tare da wani ɗan ƙasarsu, Alphonse Gomis. Ya je ta Lillehammer a Norwe a 1994.

Ana nan, sai masu shirya gasar suka tsananta sharuɗɗan shiga. Suka ce sai wanda ya tara maki a wasu gasanni tukuna. Suna da hujja: tseren gangara ba wasan yara ba ne, wanda bai ƙware ba yana iya karyewa, ko ma ya rasa ransa. Lamin bai yarda ba. A ganinsa, tara maki yana bukatar yawo ƙasa-ƙasa da kuɗi mai yawa, ke nan an rufe ƙofa ga ƙasashe matalauta. In gasar ta duniya ce, ai bai kamata ta koma ta masu ƙanƙara da masu kuɗi kawai ba. Maganarsa abin dubawa ce, don yaron da ba a bari ya gwada ba, yaushe zai ƙware? A 2008 ya fitar da littafi da Faransanci a kan wannan batu, mai suna Skieur sénégalais cherche esprit olympique.

Ƙungiyar da ya kafa ta ci gaba da aiki. Ta tura wani saurayi, Leyti Seck, gasar 2006 a Italiya da ta 2010 a Kanada. Wasu ƴan Afirka ma sun biyo baya. Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Gana a 2010, Sabrina Simader kuma ta wakilci Kenya a 2018.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin dusar ƙanƙara da ƙanƙarar da muka sani?
2. Me ya sa ake bukatar agogo a tseren siki?
3. Me Lamin ya yi a 1979? Don me?
4. Shekararsa nawa lokacin gasar Sarayebo?
5. Tsakanin Lamin da masu shirya gasa, wa kuke ganin ya fi hujja? Ku tattauna da malaminku.
6. Ku nemo Senegal da Suwizalan a taswira, ku rubuta sunayensu da Faransanci.