Injin Ƙera Sassan Jiki: In Abu Ya Ɓaci, Wa Za A Kama?

Akwai wani inji da aka ƙago wanda ke fitar da abu da cikakkiyar siffarsa, watau tsawo da faɗi da kauri. Ba sassaƙa yake yi ba. Yakan jera garin ƙarfe ko roba hawa-hawa, kamar yadda magini ke ɗora tubali, har abin ya tashi daidai da zanen da ke cikin kwamfuta. Wani Ba'amurke mai suna Chuck Hull ya sami takardar mallakar irin wannan fasaha a 1986.

Likitocin tiyatar gyaran jiki sun karɓe shi hannu biyu. A 2011, a ƙasar Holan, aka sa wa wata tsohuwa mai shekara 83 muƙamuƙin ƙarfen titaniyam, wanda wani kamfani na Beljiyam ya ƙera da injin. A 2014 kuma asibitin jami'ar Utrecht ya ba da labarin ya sauya wa wata mace mai shekara 22 ƙoƙon kai da na roba.

To, a nan ne lauyoyi suka shigo. A ce muƙamuƙi irin wannan ya tsage bayan wata shida. Wa majinyaci zai kai ƙara? Wanda ya ɗauki hoton ƙashin ne, ko mai zanen kwamfuta, ko mai sayar da garin ƙarfe, ko kuwa likitan da ya yi aikin? Lalle kowa zai ce ba shi ba ne. Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce, domin shari'a ta bambanta su. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun dokar 1985, wanda ya ƙera kaya mai aibi zai biya diyya ko da bai yi sakaci ba. Likita kuwa galibi sai an tabbatar da sakacinsa a gaban alƙali, abin da ke da wuya ƙwarai ga talaka. Saboda haka in asibiti ya sayi injin ya ƙera ƙashin da kansa, maƙeri ne shi ko mai magani? A ganina maƙeri ya kamata a ɗauke shi, tun da yake majinyaci na kwance an sa shi barci, ba shi da ikon duba abin da aka sa masa.

Hukumomi dai ba su zauna ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora ga masu wannan ƙira a watan Disamba na 2017. A 2024 Tarayyar Turai ta yi sabuwar dokar diyya, wadda ta lasafta zanen kwamfutar da injin ke bi a cikin kaya, ko da yake ba a taɓa shi da hannu.

Saura kuma maganar sirri. Daga hoton ƙashin fuska ana iya gane mai shi, ga shi kuwa akan aika da hoton zuwa kamfani a wata ƙasa. Dokar kare bayanai ta Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ba a sarrafa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili, alal misali yardar majinyacin ko bukatar yi masa magani.