Gayaunar Yara: Shawarwari ga Maƙwabtan da ke Son Koya wa 'Ya'yansu Noma

A Kumbotso gonaki sai komawa fuloti suke yi. Daga Zawaciki zuwa Panshekara, inda muka taso muka ga gero, yau bulo ne. Alhali ka ɗan miƙa hanyar Zariya sai ga Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, yake sa ana noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Yana yi mini ciwo in ga yaron da ke tsakanin waɗannan wurare bai san ganyen gero da na dawa ba.

A Amurka da Ostareliya akwai iyayen da kan haɗa kai su koyar da 'ya'yansu a lambu, bisa tsarin noman da Bill Mollison da David Holmgren suka fitar a littafi a 1978. Akasarin abin da ke ciki kakanninmu sun daɗe suna yi. Ba na cewa a cire yaro daga makaranta; ƙari nake nufi. Ga shawarwarina kan koya wa yara noma:

1. Ku yi shi gayya. Gida huɗu zuwa shida sun isa. Ku zaɓi Alhamis da yamma, tunda babu makarantar allo, ko Asabar da hantsi, kowane gida da makonsa. Ku nemi dattijon da ya yi noma da hannunsa ya riƙa zama da yaran, kuma a riƙa yi masa ihsani.

2. Kowane yaro a yanka masa gayaunarsa. Wannan shi ne ginshiƙin abin. A da, bayan aikin gandu, maigida kan ba yaro ɗan fili nasa na kansa, abin da ya noma shi ke da shi. Taku uku a bayan ɗaki ya wadatar; in tsakar gidan duk siminti ne, tsohon buhu ko fasasshen bokiti zai yi. Ina shekara tara kakata ta ba ni tawa, na shuka rama da kuɓewa. Wata safiya na tarar akuya ta cinye ramar har ƙasa. Na je ina kuka, ta ce, "Ɗan nan, ga kara can, ga igiya." Ranar na koyi shinge, kuma har yau hannuna bai manta ɗaurin ba. Don haka iyaye ku danne zuciya: in shukar yaro ta yi yaushi kada ku lallaɓa da dare ku ba ta ruwa. Mata ma a ba su, ba maza kaɗai ba. In yarinya ta sayar wa Umma zogalenta, a biya ta kuɗinta cif.

3. Ku nuna musu dalilin haɗa shuka. Manomin Kano bai saka wake a tsakanin gero don ƙarancin fili kawai ba. Ku tuge wake ɗaya, ku wanke saiwar, yara su ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta. Ta nan ne wake da gyaɗa ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ga harawa kuma ta dabbobi, dabbobin su mayar da taki. In akwai gawo kusa, ku kai su da damina su gan shi ba ganye, ku koma da rani su gan shi kore shar, sannan ku tambaye su me ya sa geron gindinsa ya fi kyau.

4. Ku haƙa ramin taki. Kashin awaki da na kaji, toka, ɓawon kayan miya, ganyen da aka share, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Shekaru aru-aru jakuna na fitar da takin birnin Kano a mangala zuwa gonakin kewaye, shi ya sa ake noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Sharar yanzu ta bambanta: a tsince leda da kwalba da batir tukuna.

5. Ruwa ma a koya musu darajarsa da haɗarinsa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa a yi masa 'yar hanya zuwa gindin ayaba ko gwanda. Amma mu 'yan Kumbotso mu kiyaye: ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa ba na ban-ruwan alayyafo ba ne, komai kyan ganyen da zai ba ka. Sau ɗaya a rani ku haɗa kuɗin mota ku kai yara Kadawa, su ga yadda babbar hanyar ruwa ke rarrabuwa zuwa ƙanana har ta shiga fangali, su ga yadda kachalla ke toshe ta. Kada a bar kowa ya yi iyo. Ruwan na ja, ga tsargiya.

6. Yaro ba ya feshin magani, ko da wasa. Ku ba su labarin 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin Kura da Garun Malam har kwando ya gagari talaka, don su san abin da kan faru idan kowa ya shuka abu ɗaya. Nasu aikin shi ne duba bayan ganye da safe, tsince tsutsa da hannu, da jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya a yayyafa.

7. Kada su tuge duk tsiron bishiya. A Maraɗi, tun 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka gane cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da rai. In ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran, bishiya za ta dawo. Can suna ce wa wannan dabara sassabin zamani. Yaro da 'yar wuƙa da babba a gefensa zai iya.

8. A ƙarshen kaka kowa ya ware irinsa. Kuɓewar da ta fi girma a bar ta ta bushe a jikin uwa, wake a gauraya shi da toka a rufe a gwangwani. Ku sayi littafi guda na ƙungiya, yara su riƙa rubuta ranar shuka, ranar tsiro, da mudu nawa aka samu, da boko ko da ajami. Baɗi, kafin ruwan farko, a buɗe littafin, gidaje su yi musayar iri.